Rabin Doki da Ƙofar Hajiya Asabe

Ran nan ina zaune a shagon ɗan ƙanena a Utako, wani saurayi ya shigo sayen injin ɗaga ƙofar gareji. Bai tambayi komai ba, ya nuna kwalin da ya fi girma ya ce a ba shi. Na ce, "Samari, ƙofar da za ka ɗaura wa, mene ne nauyinta?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Baba, ai yanzu an wuce wannan wahalar. Ka sa babba kawai ka huta." Na bar shi ya tafi da kwalinsa, domin cinikin ba nawa ba ne. Amma ku da kuke koyon aiki a shagon nan na ga kun gyaɗa masa kai, don haka ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Sunana Haruna. In kuka je Abujar da, garin da yanzu ake ce wa Suleja, kuka tambayi Haruna bakanike, da wuya a gane wanda kuke nufi. Sai kun ce Rabin Doki. Lokacin da na fara sana'a, nan da kuke zaune gonakin doya ne na Gwari, ko Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu, sai rugagen Fulani jefi-jefi. Wuta kuwa, wanda yake da injin kansa shi ke da ita.

Ubana maƙeri ne, fartanya da gatari yake yi. Ina shekara goma sha tara ya kai ni wurin Oga Lasisi, wani Bayarabe mai gyaran injin niƙa da famfon ruwa da duk abin da ke juyawa. Shekara bakwai na yi a hannunsa, kuma a ta farko bai bar ni na kwance ko noti ɗaya ba. Aikina ɗaga kaya. Zai nuna mini guntun ƙarfe ya ce in ɗaga in faɗi nauyinsa, sannan ya rataya a sikeli. In na kauce da yawa, sai in ɗauki ƙarfen a ka in kai shi bakin kasuwa in dawo da shi. A wurinsa na ji cewa da doki ake faɗar ƙarfin inji: rabin doki, doki ɗaya, doki uku. Hausarsa ba ta miƙe ba, amma ba ta ɓata mini ma'ana. Yakan ce, "Ƙaramin inji a babban aiki, zai yi zafi ya ƙone, mai shi ya yi kuka. Babban inji a ƙaramin aiki, shi ba ya ƙone. Abin da ke gabansa yake ci." Ranar da ya sallame ni ya ba ni sifana guda takwas, igiyar awon gini mai dalma a baki, da sikelin rataye irin na masu awon fata. Sarƙar ɗaga inji ni na saya daga baya.

Masu ba da aiki a zamanin ba su da bambanci da na yanzu. Mutum zai zo da rijiyar da ba ta fi gaba biyar ba, ya ce famfon da ya gani a gonar gwamnati yake so, don kada maƙwabcinsa ya fi shi. Ka ɗaura masa, cikin minti kaɗan ya zuƙe ruwan ya fara jan laka, ya dawo ya ce kai ne ba ka iya ba. Tun da wuri na koyi cewa a'a, kuma na rasa ayyuka da yawa saboda ita.

Ƙofar garejin Hajiya Asabe ni na rataye ta da hannuna. Hajiya 'yar kasuwar doya ce. Mijinta ya rasu ya bar manyan motoci uku, kowa ya zuba ido ya ga ta sayar, ita kuwa ta ɗaura ɗamara ta riƙe su, tana loda doya zuwa Kaduna da Kano. Direbobi maza suna yi mata aiki suna guna-guni, 'yan kamasho suna gwada ta kullum, shi ya sa kunnenta ya yi kaifi wajen jin raini, har inda babu shi. Garejin tsohon sito ne mai dogon bango. Ƙofar falle ɗaya ce ta ƙarfe, tana hawa sama tsakanin dogo biyu na ƙarfe, kamar layin jirgin ƙasa, da na kafa a jikin bangon. A kowane gefe akwai gangar siminti rataye da waya, wayar ta bi ta kan gargare, wato 'yar tayar ƙarfe mai juyawa, a sama. Gangunan nan su ke ɗauke wa ƙofar nauyi, ta yadda mutum ɗaya zai ja sarƙa ta tashi. Na auna ta ranar da na gama, na san nauyinta kamar yadda na san sunana.

Bayan shekara biyu, a shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a ƙofar garejin da mai gadinta, Baba Shekwolo, wani dattijon Gwari da ya yi wa mijinta aiki tun yana da ƙarfi. Ta ce, "Malam Haruna, tsohon nan bayansa ya gaza. Kullum da safe sai an taya shi jan ƙofar nan. Na ga wata a wani kamfani a Kaduna, danna maɓalli ake yi ta tashi da kanta. Ina da injin wuta. Za ka iya?"

Na ce, "Zan iya, Hajiya. Injin rabin doki za a nemo, da akwatin giya mai rage gudu, da bel."

Ta ce, "Rabin me?"

Na ce, "Rabin doki."

Direbobinta biyu suna tsaye, ɗaya ya juya baya yana danne dariya. Fuskarta ta canja. Ta sa aka buɗe wani akwatin katako a gefe, sai ga inji sabo fil, doki uku, irin wanda ake sa wa ƙaramin injin niƙa. Ashe ta riga ta sayo. Ta ce, "Wannan za ka ɗaura. Da mijina ne a tsaye nan, ba za ka ce masa rabi ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe, da Alhaji ne ma abin da zan faɗa ke nan. Ƙofar ba ta san wa ya mallake ta ba. Wannan injin, ranar da wani abu ya tokare ƙofar, ba zai tsaya ba. Zai ci gaba da ja har sai wani abu ya karye, kuma ba shi ne zai karye ba."

Ta ce, "To ka rage masa ƙarfi."

Na ce, "Gudu ake ragewa, Hajiya. In na rage masa gudu, jansa ƙaruwa zai yi."

Ta ce ko in ɗaura ko in tafi. Na ɗauki jakata na tafi. Kafin in kai tasha labari ya riga ni. Kafin sati ya zagayo, yaran mota in sun gan ni sai su yi haniniya su ce ga Rabin Doki nan.

Ta kawo wani bakanike daga Kaduna, ya ɗaura mata cikin kwana biyu. Bai sa bel ba, sarƙa ya haɗa kai tsaye daga giya zuwa ƙofa, domin a ganinsa bel na masu tsoro ne. Kuma ƙofar ta yi aiki. Wannan ne abin da ba a gaya muku: aikin banza ba ranar farko yake nuna kansa ba. Mutane suka riƙa zuwa daga unguwanni suna kallon ƙofar da ke tashi da kanta. Ni ma na je sau ɗaya da hantsi. Na ji yadda take fizga in za ta tashi, na ga garin siminti yana zubowa daga inda aka kafa gargaren hagu. Na ja Baba Shekwolo gefe na ce, "Baba, in ka danna, ka matsa waje. Kada ka tsaya kusa da gangunan nan." Ya ce, "Oga, maɓalli yana nan kusa da ganga. Ina zan tsaya?" Na je in gaya wa Hajiya a mayar da maɓallin waje, ta aiko a ce mini ba ta da lokacin masu hassada.

Shekarar nan ba ta yi wa kowa daɗi ba, amma ni ta haɗa mini biyu. Ruwa ya yi ƙaranci, hatsi ya yi tsada, masu injin niƙa a gari suka rage aiki. Ga kuma maganar Hajiya, wadda ta gaya wa masu motoci cewa ni tsoron babban inji nake yi don ban iya shi ba. Mutanen da na yi wa aiki shekara da shekaru suka daina aikowa. Na rufe shago, na ɗaure kayan aiki a bayan keke na nufi Kuje, inda wata mata mai injin niƙa da na taɓa yi wa aiki ta ba ni rumfa a bayan gidanta. Na koma sana'ar ubana. Ina wasa fartanya, ina ɗinke garma, ina liƙe tukunyar ƙarfe, ranar kasuwa in gyara keke. Sau da yawa da doya ko dawa ake biyana. Mutum biyu suka zo har can suka ce in je in ba Hajiya haƙuri, magana ta wuce. Na ce haƙurin me zan bayar? Ban zage ta ba, ban ci mata kaya ba. Na ƙi ɗaura abin da zai kashe mutum ne, kuma ko gobe aka tambaye ni zan sake ƙi.

Wata takwas ina Kuje. Wata ranar Laraba da azahar, ina kan gyaran wata garma, sai ga ɗaya daga direbobin Hajiya, Isiyaku, a kan babur ɗin aro. Shi ne wanda ya juya baya yana dariya. Ya sauka ya durƙusa ya gaishe ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce jiya da yamma wajen shiga da baya ya goga dogon hagu da jikin mota, bai gaya wa kowa ba. Da safe Baba ya danna maɓalli, ƙofa ta hau kamar kamu huɗu ta cije a inda dogon ya lanƙwashe. Inji bai tsaya ba. Ya tumɓuke ƙarfen da ke riƙe da gargare daga bango, waya ta tsinke, gangar siminti ta faɗo wa Baba a ƙafa. An kai shi asibiti, yatsu uku sun tafi. Ƙofa ta faɗo ta karkace ta toshe hanya, motoci uku suna ciki maƙare da doya, ga zafi.

Na ce, "Hajiya ce ta aiko ka, ko kai ka kawo kanka?"

Ya ce, "Ita ce. Ta ce a gaya maka ƙofarka ta lalace."

Na ce, "Yanzu ta zama tawa ke nan."

Na ɗaure sarƙar ɗaga inji da sikeli muka hau babur.

Abin da na fara yi shi ne korar 'yan kallo, domin gangar dama tana nan rataye da waya guda, ita ma ta fara warwarewa. Na kafa itace uku na rataya sarƙata, muka sauke gangar a hankali. Sannan muka ɗaga ƙofar kaɗan kaɗan, muna tokare ta da katako, har motoci suka samu fita kafin magariba. Hajiya tana tsaye a inuwa har mota ta uku ta wuce. Sannan ta ce, "Sai ka je ka nemo rabin dokin naka."

Na ce, "Ba zan nemo komai ba sai na auna, kuma a gaban mutanen da suka yi mini dariya."

Tun da muke ɗaga ƙofar hannuna ya gaya mini wani abu da ban so ji ba. Washegari, bayan na miƙe dogon na mayar da gargare da sabuwar waya na rataye gangunan, na sa ƙugiyar sikeli a gindin ƙofa muka ja. Ƙofar da na bari ana ɗagawa da hannu ɗaya, allurar sikeli ta kai ƙarshe ba ta motsa ba. Na zagaya ciki na kankare fenti da wuƙa. Faranti ne na ƙarfe mai kauri aka liƙa mata daga sama har ƙasa. Isiyaku ya ce ai bara, tun kafin zancen inji, ɓarayi sun gwada huda ta, Hajiya ta sa wani mai walda ya ƙara mata kauri. Ba wanda ya ƙara wa gangunan siminti ko cokali ɗaya. Abin da ya karya bayan Baba Shekwolo ke nan, ba tsufa ba.

Ranar da Hajiya ta kira ni da farko sikelin nan yana cikin jakata, ban fito da shi ba. Na ce na san ƙofar. An gaya mini tsoho ya kasa ɗaga abin da yake ɗagawa da sauƙi, ban tambayi dalili ba. Da Oga Lasisi yana wurin, da ya sa na ɗauki ƙofar a ka zuwa bakin kasuwa.

Babu wanda ya gane abin da sikelin ke nufi sai ni. Ina iya yin shiru in ƙara siminti in ɗaura abin da ya dace, sunana ya wanku. Na juya na ce, "Hajiya, ki ji a gaban kowa. Doki uku kuskure ne, kuma ga abin da ya jawo. Amma rabin da na ce shi ma kuskure ne. Da na ɗaura shi a kan ƙofar nan yadda take, da bai yi wata guda ba ya ƙone. Ban auna ba na yi magana. Ko bayan an ƙara wa gangunan nauyi, doki ɗaya take so."

Direbobi suka kwashe da dariya. Hajiya ba ta yi ba. Ta ce, "Ashe kai ma ba ka sani ba."

Na ce, "Ranar ban sani ba. Yau na sani, ga sikeli."

Ta ce, "To me zai sa in yarda da kai yanzu?"

Na ce, "Ki bari in gama, zan nuna miki."

Kwana tara aikin ya ci. Na fasa gangunan na zuba sababbi, ina ƙara siminti da guntayen ƙarfe ina aunawa, har ƙofar ta koma tana tsayawa duk inda aka sake ta, ba ta hawa ba ta sauka. Wannan ne aikin gaske, kuma shi ne wanda ba kwa son yi, domin ba a rubuta shi a jikin kwali ba. Inji na doki ɗaya na samo a hannun wani mai famfo a Minna. Tsakaninsa da giya na sa bel, na sassauta shi daidai yadda zai ja ƙofar in hanya a buɗe take, in kuwa ta ci karo da wani abu ya zame ya yi ƙara. Kwana biyu na yi ina ɗaurewa ina sassautawa kafin na samu wurin. Maɓalli na fitar da shi waje, taku biyar daga ganga. Gangunan kuma na yi musu keji na ƙarfe.

Ranar gwaji aka kawo Baba Shekwolo a kujera, ƙafarsa naɗe da bandeji. Na ɗauki doya guda daga cikin kayan Hajiya na ajiye a ƙasan ƙofa, na ce Isiyaku ya danna. Ƙofa ta sauko a hankali, ta taɓa doyar, bel ya yi ƙara, ta tsaya. Na ɗauko doyar na miƙa wa Hajiya. Ɓawon ne kawai ya ɗan kurje.

Ta juya ta a hannu ta ce, "Doya ba ƙafa ba ce, Malam Haruna."

Gaskiya ta faɗa. Na sa aka ɗaga ƙofar, na cire takalmina na dama, na sa ƙafata a inda doyar take. Isiyaku ya ce shi ba zai danna ba. Sauran direbobin ma kowa ya sa hannu a baya. Sai Baba Shekwolo ya ce a matsar da kujerarsa kusa da maɓalli. Ya dube ni ya ce, "Oga, ka tabbata?" Na ce, "Danna, Baba." Ya danna.

Ƙofa mai nauyin da ya fi na saniya uku ta taho. Na ji sanyin ƙarfen a bayan ƙafata, na ji ta danna kamar mutum ya taka ni a sahu, sannan bel ya yi ƙararsa. Baba ya kashe. Na zare ƙafata na mayar da takalmi.

Hajiya ta juya wurin Isiyaku. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Abin da ta ce shi ne, "Isiyaku, gobe ka je Kuje da mota ka kwaso masa kayansa." Ta ci gaba da riƙe Baba yana danna maɓallinsa har ƙarshen rayuwarsa, kuma ƙofar ta yi aiki har lokacin da aka rushe siton wajen faɗaɗa hanya. Bel kawai nake canja mata duk bayan damina biyu. Sunan Rabin Doki kuwa bai bar ni ba, ko da yake doki ɗaya na ɗaura.

Daga wannan ranar ban taɓa miƙa wa mai gida ƙofa ba sai na cire takalmi na sa ƙafata a ƙarƙashinta yana kallo. Na yi wa 'yan kasuwa, na yi wa kamfanonin da suka zo gina birnin nan, wasu suna cewa ba sai na yi ba, ina cewa sai na yi. Ga ƙafar nan. Ku matso ku ƙirga yatsun.